Kuskuren haɗa "although" da "but" da ke rage wa ɗalibai maki a jarrabawar Turanci

Duk ɗalibin da ke neman gurbi a jami'o'in Najeriya sai ya samu kiredit a Turanci a jarrabawar WAEC ko NECO. A sashen insha'i, masu duba takarda na rage maki a kan kurakuran nahawu da alamomin rubutu, kuma haɗa jimloli na daga cikin wuraren da ɗalibai ke yawan tuntuɓe.

Masana nahawu sun kasa gangar jimla gida biyu. Ganga tsayayya ita ce mai cikakkiyar ma'ana ita kaɗai, kamar "Musa failed the test". Ganga dogarau kuwa tana da mai aiki da aikatau, amma ma'anarta a rataye take har sai ta jingina da wata, kamar "Although Musa read all night". Kalmomi irin su "although", "because", "when", "if" da "unless" ne ke mayar da ganga dogarau. Wanda ya sa aya a ƙarshenta ya rubuta guntun zance ne.

Ga mai jin Hausa, tarkon ya fi yawa a wuri guda. A Hausa daidai ne a ce, "Ko da yake Musa ya kwana yana karatu, amma ya faɗi." Kunnen Bahaushe ba ya jin wani aibu a nan. Sai ɗalibi ya ɗauki wannan tsari ya kai shi Turanci, ya rubuta "Although Musa read all night, but he failed." Turanci bai yarda da mahaɗi biyu su yi aiki ɗaya ba, don haka dole a zaɓi guda: ko dai "Although Musa read all night, he failed", ko kuma "Musa read all night, but he failed." Dokar ta shafi "because" da "so" ma.

Sai batun waƙafi. Idan ganga dogarau ce ta zo a farko, ana sa waƙafi bayanta: "When the rain stopped, the traders returned." Idan tsayayyar ce a gaba, galibi ba a buƙatarsa: "The traders returned when the rain stopped."

Kafin ya miƙa takarda, ɗalibi zai iya bin jimlolin da suka fara da irin waɗannan kalmomi, ya rufe abin da ke kafin waƙafi da yatsa, ya karanta saura. Idan ya tarar da "but" ko "so" a farkonsa, sai ya soke ta.