Ɗan ramin da ke kunyata makaɗa a bainar jama'a

Duk wanda ya kalli fim ɗin 'Akounak Tedalat Taha Tazoughai', wanda ya fito a 2015, ya ga yadda matasan Agadas su ka ɗauki jita. Christopher Kirkley, ɗan Amurka, shi ya ba da umarni, Mdou Moctar na Nijar kuma ya fito a jarumi: makaɗi mai babur, ga adawar mahaifi a gida, ga abokan hamayya a gari. Da harshen Buzaye aka shirya shi, an kuma gina shi ne a kan 'Purple Rain', fim ɗin Prince na 1984.

To amma akwai wani magabcin makaɗa da ba a cika nunawa a fim ba. Ɗan rami ne a fuskar amfilifaya, inda ake soka wayar jita, wanda masu gyara ke kira jak. Biki ya yi biki, an karɓi kuɗin mutane, kwatsam sai sauti ya fara ƙarar-ƙarar, ya ɗauke, ya dawo. Wa za a zaga? Makaɗi! Gobe kuma wani za a kira. 'Yan situdiyon Kano ma ba su tsira ba, domin irin wannan jak mai kaurin milimita 6.35 ne ke bayan fiyanon da ake kiɗan waƙoƙin finafinai da shi.

Abin ba wani sihiri ba ne. Kan wayar da ake sokawa kashi biyu ne: tsinin ya na ɗauke da sauti, jikin kuma shi ne 'at'. A cikin ramin akwai ɗan ƙarfe mai dannawa da ke kama tsinin. A yawancin amfilifayoyi akwai wani ƙarfen na daban da ke haɗe hanyar sauti da at idan an zare waya, don na'urar ta yi shiru. Saboda haka idan ba a soka komai ba amma ta na gurnani, wannan ƙarfen ne abin zargi na farko.

Gwanaye ba sa fara kwance na'ura. Su kan canza waya tukuna, don ita ta fi yawan lalacewa, sannan su gwada wata jitar. Idan matsalar na nan, sai a rage murya a ɗan girgiza kan wayar a cikin ramin. Sauti ya katse? To, an kama ɓarawo.

Wani lokacin ƙura ce kawai da tsatsa, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar da ake hunturu. A kashe na'ura, a fesa maganin wanke kayan lantarki a kan wayar, a soka a zare kamar sau goma. Ban da man inji ko man gyaɗa, ƙura su ke kamawa!

Wani lokacin kuma notin da ke riƙe jak ɗin ne ya saki. A nan mutane da dama ke tafka kuskure: su yi ta murɗa shi daga waje, jak ɗin na juyawa a ciki har wayoyin su tsinke. Dole a riƙe shi ta ciki kafin a ɗaure. Idan jak ɗin a kan allon na'ura aka dasa shi, jijjigar hanya da fizgar waya kan fasa dalmar da ke ƙafafunsa. A narkar da ita a ƙara sabuwa, shi ke nan. Idan ƙarfen ciki ya gaji har waya na zamewa, gara a sa sabo, kuma irin wanda aka cire. Wanda ya sa na ƙarfe a gurbin na roba, zai iya sayen gurnanin da bai da shi a da.

Sai dai fa a yi hattara. Amfilifaya mai kwalabe ta na da kafasitocin da kan riƙe wuta sama da bolt 400, kuma wutar kan daɗe a ciki ko bayan an zare soket. Wannan ta isa ta kashe mutum. Duk aikin da zai kai ga buɗe ta, na ƙwararren mai gyara ne, wanda zai sauke wutar ya auna da mita kafin ya sa hannu.

Rigakafin kuwa ba ya cin ko sisi. A zagaya waya ta mariƙin amfilifaya kafin a soka ta, yadda ko mai rawa ya harɗe da ita, mariƙin ne zai sha fizga. A riƙa kama kan wayar wajen zarewa, a kuma lulluɓe na'ura idan an tashi. Sannan a jefa wayar safiya a jaka, don ranar biki ba a zuwa aro.