Zarton Kwana Mai Zamiya: Inda Yake Fara Lalacewa Da Yadda Ake Gyara Shi

Kafinta ya yanka katako huɗu zai haɗa firam ɗin madubi. Kusurwa uku sun kama, ta huɗu ta buɗe baki har ana iya zura tsinken ashana. Wani sai ya cusa garin katako da gam, ya bi da samfefa, fenti ya rufa asiri. Wani kuma ya ce injin ne ya tsufa. Sau da yawa ba tsufa ba ne. Firam mai kusurwa huɗu yanka takwas ne, kowanne a kan digiri 45. In zarton ya kauce da rabin digiri kacal, kuskuren zai taru sau takwas, ya zama digiri 4 a kusurwar ƙarshe. Ido ba ya ganin rabin digiri a jikin inji, amma mai sayen madubi zai hango digiri 4 tun daga bakin ƙofa.

Wannan inji ba don ƙarfi ake sayensa ba, don daidaito ake sayensa. Kuma daidaiton ne ke fara tafiya, tun motar da ke juya shi na da sauran shekaru a gabanta.

Ga yadda aka ƙera shi. Mota da faifan zarto suna manne a kai guda, kan yana sauka yana tashi. Teburin da ke ƙasa yana juyawa dama da hagu don yankan kwana, kan kuma yana kwantawa gefe don yankan karkace. Akwai majingina a baya, inda ake danna katako. Abin da ya raba mai zamiya da sauran shi ne sandunan ƙarfe biyu da kan ke tafiya a kansu gaba da baya. Kamfanin Hitachi na Japan ne ya fito da irinsa a 1988, kuma ribar a fili take: faifai mai faɗin milimita 254 da ba ya zamiya ba ya wuce katako mai faɗin santimita 14 ko 15, amma da zamiya yana cin na santimita 30. Sai dai kowace gaɓa da aka ƙara wa inji ƙofa ce ta sako-sako. Wannan yana da gaɓoɓi huɗu masu motsi, kuma kowacce tana iya yi wa kafinta ƙarya.

Kafin hannu ya taɓa komai, a zare filogi daga bango. Ɗauke wuta ba kashe inji ba ne, domin wuta ba ta sallama in za ta dawo.

Babban abokin gabar sandunan nan ƙura ce. A cikin kan akwai boris masu ƙananan ƙwallaye da ke mirginawa a jikin sandar. Garin katako shi kaɗai ba ya cin ƙarfe sosai, amma ƙurar hunturu da yashin da ke maƙale a jikin katakon da ya kwana a ƙasa a kasuwa, irin ta 'Yan Katako da ke Na'ibawa a Kano, su kam suna ci. A nan ne mutane da yawa ke ɓata abu da kyakkyawar niyya. Yaron shago ya ji kan yana cijewa, sai ya lakato giris ko baƙin mai ya lafta wa sandunan. Ranar farko abin sai santsi. Bayan mako guda man ya kwashi ƙura ya zama kunun yashi, kowane ja da turawa yana kai shi cikin boris. Abin da ya dace shi ne a goge sandunan tas da busasshen ƙyalle bayan aiki. In akwai danƙo a jiki, a ɗan jiƙa ƙyallen da kananzir. Kamfanoni sun sha bamban a kan mai: Makita na cewa a ɗan shafa man inji don hana tsatsa, wasu kuma suna cewa boris ɗinsu a rufe suke, ba sa buƙata. A ganina, da damina a ɗiga man keken ɗinki a ƙyalle, a shafa, a sake gogewa har sai yatsa bai ɗauko maiƙo ba. Da hunturu a bar su a bushe.

Don a san lafiyar zamiyar, a jawo kan har ƙarshe, a sauke shi, a ɗan girgiza shi dama da hagu. Ɗan lanƙwasa kaɗan ba laifi, duk mai zamiya yana da shi. Amma in ana jin ƙas-ƙas, akwai sako-sako. Wasu injinan suna da ɗan noti a gefen gidan boris da ake ɗaurewa kaɗan-kaɗan da alanki har motsin ya ɓace ba tare da zamiyar ta cije ba. In babu shi, ko an ɗaure bai yi ba, sai canjin boris. Sandar da ta lanƙwashe kuwa ba ta miƙuwa da guduma, a nemi wata. Kuma yawanci a hanya take lanƙwashewa, ba a wurin aiki ba: a ɗauki inji ta sandunansa, a jefa bayan adaidaita-sahu, a ɗora masa buhun siminti. Akwai fil na kulle kai a ƙasa, akwai noti na kulle zamiya. A kulle su duka, a ɗauke shi ta gindi.

Daga nan sai faifai, wanda shi ne ke jawo wa mota zargin da ba nata ba. In yanka yana ƙonewa, hayaƙi na tashi, inji na gurnani, a duba haƙora kafin a kwance mota. Sau tari ba dakushewa suka yi ba, danƙon itace ne ya toye a gefensu, yana gogar katako maimakon yanka shi. A jiƙa faifan a ruwan omo mai ɗumi ko kananzir, a goge da tsohon burushin haƙori, a busar da shi sarai. In an wanke bai dawo ba, to ya dakushe, ko wani haƙori ya ɓalle a kan ƙusa. Katakon iroko na saurin dakusar da faifai saboda dunƙulen ma'adini masu tauri da kan ɓuya a cikinsa. Haƙoran kabaid ba sa wasuwa da magagari, sai dutse mai lu'ulu'u, don haka a kai wa mai injin wasawa.

Wajen cire faifai akwai tarko: notin tsakiya a yawancin waɗannan injina zarensa a juye yake. Ana kwance shi ne ta ɓangaren da agogo ke tafiya. Noti nawa aka kashe wa kai saboda mai sifana yana ta ɗaurewa yana zaton kwancewa yake! A danna maɓallin kulle sandar faifai, a juya a hankali. In an cire, a goge washa biyun da ke matse faifan. Ƙwayar gari ɗaya a tsakaninsu ta isa ta sa faifai rawa, yanka ya fi haƙori faɗi.

Ba kowane faifai ne na wannan inji ba, ko da ya shiga. Mai zamiya yana son haƙora masu yawa, 60 zuwa 80, waɗanda ba su sunkuyo gaba ba. Masu ƙera su kan kwantar da haƙoran baya da kamar digiri 5, domin haƙori mai ƙugiya yana cafkar katako ya jawo kan injin ya yi kan mai yanka. Ramin tsakiya ma ya bambanta: injinan Turai milimita 30 ne, na Amurka kuwa 15.88 a faifan inci 10, da 25.4 a na inci 12. In ramin ya fi sanda faɗi akwai zoben cikewa, kada a ce noti zai riƙe. Masu tagogin alminiyam su nemi faifan da aka yi don alminiyam. Dutsen yankan rodi kuwa kada ya kusanci wannan inji: tartsatsi zai narka murfin roba, garin dutsen ya shiga boris.

Sai an gama da ƙura da faifai ne saiti ke da amfani. A fara da tsayuwar faifai a kan teburi. A sauke kan, a kulle, a kafa sikwaya a kan teburin ta jingina da jikin faifan, a tsakanin haƙora ba a kansu ba, domin haƙori ya fi jikin faifai kauri. In haske na ratsawa ta sama ko ta ƙasa, akwai notin tsayawa a bayan injin, a juya shi har hasken ya ɓace. Sannan a kwantar da sikwayar, gefe guda a majingina, ɗaya a jikin faifai. Gyaran wannan ya danganta da ƙira: a wasu injinan majinginar ake sassautawa a gyara mata zama, a wasu kuma, kamar yawancin na DeWalt, farantin lambobin da ke gaban teburi ake sassautawa a zamar. Allurar da ke nuna lamba ita ake gyarawa a ƙarshe. Allura ba ta yanka komai, ba da labari kawai take yi.

Amma sikwayar kanta wa ya auna ta? Da yawa daga cikin na kasuwa ba su cika 90 ba. Shi ya sa hukuncin ƙarshe na katako ne. A samu katako mai faɗi wanda gefunansa biyu suke miƙe kuma daidai da juna, a yanka shi a kan sifili, a kifa rabi ɗaya, a haɗa bakin yankan biyu, dukansu a jingine da majingina. In saitin daidai ne za su haɗe ba ko tsaga. In akwai kuskure, kifawar ta ninka shi biyu, ido zai gan shi. A gyara kaɗan, a sake yanka. Aikin na cin haƙuri da guntayen katako, amma ba ya cin kuɗi. A kuma ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan rabi biyu na majinginar a ga ko layi ɗaya suke, domin ranar da faifai ya fizgi guntun katako ya maka mata, tana iya gocewa ba wanda ya lura.

Wani kuskuren ma a hannu yake. A yankan zamiya, kan ake fara jawowa, a kunna, a bari faifai ya cika gudu, a sauke, sannan a tura gaba. Mai yanka yana jawowa wajen kansa yana neman rauni. Mai danna hannu gefe kuma yana lanƙwasa sanduna a tsakiyar yanka, sai ya zo yana neman laifin saiti.

Motar irin mai burushin kabon ce. Burushi biyu ne, sifirin na danna su a jikin tagullar amecha, wato ɓangaren motar da ke juyawa, kuma an yi su ne don su cinye. Alamar ƙarewarsu: inji na yankewa yana dawowa, ko ba ya tashi sai an buge shi, ko birkin da ke tsayar da faifai cikin 'yan daƙiƙu ya daina kamawa. A yawancin injina murafansu na gefen motar, sukundireba ta isa. A canza biyun tare, a bar injin ya yi gudu ba kaya na kamar minti goma don su zauna. Goge burushin wani inji a cusa dabara ce ta rana ɗaya, domin in ya fi tagullar tauri, ita zai ci. Ɗan tartsatsi a bakin burushi ba komai. Amma in wuta na zagaye tagullar kamar zobe, ga warin ƙonannen kwayil, amecha ta tafi. Masu naɗi suna iya farfaɗo da ita, sai dai tana gudu ninkin-ba-ninkin na faifai, in naɗin bai daidaita nauyi ba za ta yi ta kakkarwa har ta kashe boris. In ana samun sabuwa, ta fi. Injin da ke juya faifai da bel kuma, a duba bel ɗin in mota na kuka faifai na tsayawa a cikin katako.

Me ke ƙona amecha tun farko? Galibi wuta. Waɗannan injina suna jan wat 1,400 zuwa 1,800, kuma lokacin tashi suna jan fiye da haka. Ƙaramin janaretan da bai kai wat 1,000 ba ba zai ɗauke su ba. Doguwar waya siririya ma haka: wutar na raguwa kafin ta iso, faifai ya rasa gudu, mai yanka ya ƙara dannawa, kwayil ya yi zafi. A nemi waya mai kaurin 2.5, a gajarta ta iya yiwuwa, a warware ta daga kan gammonta. Mai sayen na hannu kuma ya karanta farantin da ke jikin mota. Wutar Najeriya da Nijar volt 220 zuwa 230 ce. Injin Amurka na 120 ne, na wuraren gini a Ingila mai filogi ruwan ɗorawa na 110 ne. Wanda ya yanke filogin ya jona kai tsaye zai ji gudu mai daɗi na ɗan lokaci, sannan hayaƙi. Irin waɗannan sai da taransifoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya zarce na injin sosai.

Saura murfin faifai. Ya kamata ya buɗe da kansa in an sauke kai, ya rufe da kansa in an ɗaga. In yana cijewa, gari ne a gaɓarsa ko sifirin ya saki, kuma duka biyun gyaran 'yan mintoci ne. In ya dushe ba a ganin layi, a wanke shi da ruwan sabulu, ba fetur ko tina ba, domin suna tsattsaga robar. Abin da ake gani a shaguna da yawa kuwa shi ne an ɗaure shi sama da waya, ko an cire shi gaba ɗaya wai yana tare ido. Faifan inci 12 yana juyawa kusan sau 3,800 a minti, kuma yana ci gaba da juyi bayan an saki makunni, musamman in birki ya mutu. Littattafan injinan suna cewa hannu ya nisanci faifai da aƙalla santimita 10, guntun da ya fi haka gajarta a kama shi da matsi.

Maigidan shago, yaran da ke tsaye gaban wannan inji amana ce iyayensu suka ba ka. Gobe da safe, kafin a jona filogi, ka kwance wayar nan da ke jikin murfin.