Shekarar Mai Lambu a Makabartar Lambu ta Farko a Amurka

A kan iyakar garuruwan Kambirij da Watertown, kusa da birnin Boston na jihar Massachusetts, akwai makabartar da aka buɗe a watan Satumba na 1831, wadda masana tarihi ke ɗauka a matsayin makabartar lambu ta farko a Amurka, wato wurin binne mamata da aka tsara tun farko kamar gandun itatuwa mai tuddai da tafkuna da hanyoyi masu lanƙwasa. Wanda ya kawo shawarar shi ne Jacob Bigelow, likita kuma masanin tsirrai a jami'ar Harvard, wanda cunkoson tsofaffin makabartun cikin Boston ya dame shi, sai Henry Dearborn, shugaban ƙungiyar masu noman lambu ta jihar, ya shata filin yana duban makabartar Père Lachaise da aka buɗe a Faris a 1804. An fara da eka 72, yau filin ya kai kimanin eka 175, da itatuwa fiye da 5,000, kuma akasarin hanyoyinsa sunayen itatuwa da furanni suke ɗauke da su. Ƙungiyar da makabartar sun raba gari a 1835, amma aikin lambun bai bar wurin ba.

Shekarar ma'aikatan wurin da hunturu take farawa, lokacin da ƙasa ke daskarewa, ƙanƙara ta lulluɓe duwatsun kaburbura, itatuwa masu zubar da ganye kuma su tsaya tsirara kamar yadda kuka ke yi da rani. Wannan tsiraici alheri ne ga masu sassabe, domin a lokacin ne ƙirar kowace bishiya ke bayyana, a gane reshen da ya ruɓe ko ya tsage, a sauke shi da igiya kafin iska ta jefo shi kan dutsen marmara da ya haura shekara 150, wanda in ya karye babu mai sassaƙa irinsa. Abin da ke riƙe da launin wurin a waɗannan watanni shi ne itatuwan da ba sa kaɗe ganye, da kuma wani ƙaramin itace da ake kira wic-hezel, wanda ke fitar da siraran furanni rawaya tun sanyi bai sake ba.

Daga ƙarshen Maris zuwa Mayu, wato lokacin tsiro, furanni kan zo bi da bi cikin tsarin da kusan ba ya sauyawa, ko da yake ranakun kan matsa gaba ko baya gwargwadon ɗumin shekara. Magnoliya da ceri su ne ke buɗewa tun ba su yi ganye ba, shi ya sa sanyin dare ɗaya da ya makara kan iya ƙone furen magnoliya ya mai da shi ruwan ƙasa. Daga baya lailak mai ƙamshi da azaliya da rododendiron su biyo. A daidai wannan lokaci ƙananan tsuntsaye masu ƙaura daga kudancin nahiyar zuwa arewa kan yada zango a wurin, saboda tsibiri ne na kore a tsakiyar gine-gine, har masu kallon tsuntsaye su yi sammako da tabaraunsu na hangen nesa, su gauraya da masu ziyarar kabarin iyayensu ba tare da wani ya takura wa wani ba. A ƙasan wani kwari da ke tsakiyar filin, inda alƙali Joseph Story ya yi jawabin buɗe makabartar, akwai kududdufin da ke cika da ruwan narkakkiyar ƙanƙara, kuma da yake babu kifi a cikinsa, nan ne wata halitta mai ɗigo-ɗigo mai kama da ƙadangare, salamanda, ke saka ƙwai.

Watannin zafi na yankan ciyawa ne da ban ruwa da cirar haki.

Kaka ce ke tara jama'a. Idan rana ta gajarta, itace kan daina sarrafa sinadarin da ke ba ganye launin kore, sai rawayan da ke ɓoye a ƙarƙashinsa ya fito fili, wasu itatuwan kuma su ƙera jan launi daga sukarin da ya taru a ganyen, musamman in an yi rana mai haske da dare mai sanyi. Mafil mai sukari, wanda ake tatsar ruwansa a yi zuma a yankin, kan yi ja kamar garwashi a watan Oktoba, ginko kuwa, wanda asalinsa na Sin ne, kan koma ruwan zinariya, ya kakkaɓe ganyensa kusan gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki. Wanda ya hau hasumiyar dutse da aka gina kan tudu mafi tsawo a shekarun 1850 zai ga wannan shimfiɗa har zuwa gine-ginen Boston.

Wahalar aikin, wadda baƙo ba ya gani, tana ƙarƙashin ƙasa. Saiwa da kabari wuri ɗaya suke nema: saiwar babban itace na iya karkata dutse ko ture dakalin kabari, haƙa sabon kabari kuma na iya datse saiwar da itacen ya dogara da ita, ya yi ta ramewa shekaru kafin a gane dalili. Ga kuma annoba, wadda ta koya wa masu kula da irin waɗannan wurare kada su zuba jarinsu a kan jinsi ɗaya. Guguwar Satumban 1938 ta kayar da itatuwa masu yawa, cutar da ta ƙarar da itacen elm a biranen Amurka ta bi ta yankin, wani ɗan ƙwaro daga Asiya yana tsotse itacen hemlok, sannan cutar ganyen itacen bic, da aka fara gani a Ohio a 2012, ta iso Massachusetts a 2020. Bic kuwa, mai santsin ɓawo da faffaɗar inuwa, yana cikin itatuwan da masu lambun ƙarni na 19 suka fi ƙauna, don haka asararsa ta fi ciwo, tunda wanda aka dasa a gurbinsa yau sai jikokin mai dashen ne za su ga cikarsa. Saboda haka ake cakuɗa jinsuna da shekaru a kowane sashe, ake cire baƙin tsirrai masu mamaye wuri daga kwarin da ke tsakiyar filin ana maye gurbinsu da na asalin yankin, ana kuma dasa ƙaramin itace a gefen tsoho tun tsohon yana tsaye.