Zazzaɓi Ya Sauka, Ƙwayar Cutar Tana Nan

Da damina ta kankama sauro ya yi yawa, akwai maganar da ke yawo daga gaban kemis zuwa tsakar gida: wai maganin maleriya na zamani ya gaji, mutum zai sha ya ji sauƙi, bayan mako biyu ciwon ya dawo. Wasu na ƙarawa da cewa allura ce kaɗai ke aiki, wasu kuma su hana mara lafiya shan madara. Kowace daga cikin maganganun nan tana da ɗan guntun gaskiya a jikinta, shi ya sa take da wuyar kashewa. Amma wanda ya duba yadda aka haɗa maganin zai ga cewa sau da yawa laifin yana ga yadda ake shan sa.

Tun a 2005 Najeriya ta bar kulorokwin ta koma ga haɗin da ake kira ACT, saboda ƙwayar cutar ta riga ta saba da tsohon maganin. Wanda aka fi bayarwa, irin su Coartem, magani biyu ne a ƙwaya ɗaya: atemeta da lumefantirin. Atemeta yana da zafin nama, cikin 'yan sa'o'i yake kashe mafi yawan ƙwayoyin cutar da ke cikin jini, sannan ya fice daga jiki da wuri. Lumefantirin shi ne mai jinkiri, yana zama a jiki kwanaki yana share ragowar. Ana sha sau shida a kwana uku: na farko, na biyu bayan sa'a 8, sannan safe da yamma har kwana biyu. Sauƙin da mutum ke ji a rana ta biyu aikin atemeta ne, kuma a daidai nan mutane da yawa ke ajiye katin, ko su raba wa ɗan gida da ya fara rawar ɗari. Lumefantirin bai taru a jini yadda ya kamata ba, ƙwayoyin da suka tsira sai su hayayyafa, zazzaɓi ya dawo, a ce magani ya gaji. Yawan ƙwayar maganin ma da nauyin jiki ake auna shi: a samfurin mai ƙaramin ƙarfi, yaro mai kilo 5 zuwa 14 ƙwaya ɗaya yake sha kowane karo, mai kilo 35 zuwa sama huɗu. Don haka kati ɗaya na mutum ɗaya ne.

Zancen madara ya samo asali ne daga wani wuri na gaskiya. Madara tana hana jiki tsotse tetirasaikilin da sifurofulokzasin, kuma masu hana ta a can sun yi daidai. A wannan maganin maleriyar kuwa akasin haka ne, domin lumefantirin sai da maiƙo yake shiga jini sosai. Kofin madara, ko nono, ko abinci mai mai, taimako ne. Wanda ya yi amai cikin sa'a ɗaya da sha, ya kamata ya maimaita wannan karon, ya kuma nemi cikon ƙwayoyin da suka ragu.

Allura tana da muhallinta. Idan maleriya ta yi tsanani, yaro yana jijjiga ko ya kasa sha ko ya fita hayyacinsa, allurar atesunet ce ke ceton rai, kuma a asibiti ake yin ta. Ko a nan, da mara lafiya ya iya haɗiya, sai an ba shi cikakken ACT na kwana uku. Allura ɗaya ko biyu a kemis don zazzaɓi mai sauƙi, ba tare da ƙwayar ba, rabin aiki ne, kuma irin wannan ne ke koya wa cutar jure magani.

Mai ja zai ce, to ai akwai waɗanda suka sha daidai ba su warke ba. Haka ne, kuma bai kamata a raina wannan ba. Akwai jabun magani a kasuwa, dalilin da ya sa NAFDAC ta sa lambar da ake kankarewa a tura ta waya. An kuma tabbatar da cewa ƙwayar cutar ta fara jure atemisinin, wato dangin atemeta da atesunet, a Ruwanda, Yuganda da Iritiriya, bayan da aka fara ganin haka a Kambodiya. Sai dai a ganina dalilin da ya fi yawa shi ne mafi sauƙi: ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. Taifod, ciwon huhu da cutar mafitsara duk suna kawo zafin jiki, kuma ACT ba ya taɓa su. Gwajin ɗigon jini na yatsa bai wuce minti 20 ba. Wanda ya kammala karo shida, zazzaɓi bai sauka ba bayan kwana uku, asibiti zai koma a sake duba shi kafin ya sayi wani katin.