Me Ke Jawo Sanyin Hannu da Ƙafa?

Da hunturu ya kama, sai a yi ta kuka da sanyin hannu da ƙafa. Mene ne sanadinsa?

Idan jiki ya ji sanyi, yakan tsuke jijiyoyin jinin yatsu domin ya tanadar wa zuciya da huhu ɗumi. Idan abin ya ɗore har lokacin zafi, ana zargin ƙarancin jini, wato rashin isasshen sinadarin ayan ko bitamin B12. Shan taba da yawan zama ma suna rage gudun jini.

Ƙarancin jini ya fi damun masu juna biyu, tsofaffi da masu ciwon suga.

Hanta, wake da zogale suna taimakawa, amma shayi tare da abinci yana rage wa jiki tsotsar ayan. Idan yatsu suna sauya launi, a garzaya asibiti.