Ƙa'idojin Tsare Gobara a Jirgin Dakon Mai da Darasinsu ga Dawanau

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana ƙa'idojin da ke tsare gobara a tukunyar tururi ta jirgin ruwan dakon mai, tare da nuna amfaninsu ga mutanen Dawanau, waɗanda ba su da teku amma suna zaune da mai.

Tushen Ƙa'idojin

Ilimin kimiyya ya tabbatar da cewa tiririn da ke tashi daga mai shi ne ke kama wuta. Kowane mai yana da matakin zafin da in ya kai shi, zai fid da tiririn da ƙyasta ashana ɗaya ke iya tayarwa. Saboda haka yarjejeniyar SOLAS ta 1974, wadda ta shafi tsare rayuka a teku, ta hana zuba wa tukunyar jirgi man da matakinsa bai kai digiri 60 ba a ma'aunin Salshiyas, sai bisa sharuɗɗa na musamman.

Haka kuma ta wajabta abubuwa biyu. Na farko, a iya rufe famfon tankin mai daga wajen ɗakin injin, domin wuta kan hana shiga.  Na biyu, a lulluɓe duk ƙarfen da zafinsa ya wuce digiri 220, kada mai ya fantsama a kansa.

Darasi ga Dawanau

Kasuwar hatsi ta Dawanau tana bakin hanyar Kano zuwa Katsina, inda tankoki ke zirga-zirga, ga janareto da injinan niƙa kusa da buhunan hatsi. Fetur yana fid da tiririnsa ko da ana tsananin hunturu. Matakin kananzir kuwa wajen digiri 38 ne, alhali zafin Kano a watan Afrilu yakan haura 40. Ke nan man da aka hana wa tukunyar jirgi shi ake ajiyewa cikin jarka a shaguna.

A watan Oktoba na 2024, tankar fetur ta faɗi a Majiya ta Jihar Jigawa, jama'a suka taru suna kwasa, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu.

Kammalawa

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Ya kamata a raba ma'ajiyar mai da rumbun hatsi, a kashe inji ya huce kafin a ƙara masa mai, kuma duk inda warin fetur ya yi ƙarfi a nisanta, domin warin nan shi ne tiririn.