Girman Kan Masu Kantin Babura Ya Ishi Mutanen Fadama

Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu da sassafe ya san babur ya gaji jaki da doki a ƙasar Kabi. Kwalta iyakarta babbar hanya, gonakin shinkafa kuwa suna can cikin fadamar Gulbin Rima, inda rairayi ke cin taya da rani, taɓo ya riƙe ta da damina. Can ne manomi ke ɗaura injin ban ruwa da jarkar fetur a bayan babur, masunci ya fito da kifinsa kasuwa, ɗan kabu-kabu ya kai mai naƙuda asibiti. To, waɗannan da suka fi kowa bukatar babur, su ne suka fi kowa shan wulaƙanci a inda ake sayar da shi.

Abin da na gani da idona

Kwanan baya na raka wani dattijo maƙwabcinmu wani kanti a Birnin Kebbi. Ya sayar da shinkafarsa ta rani, ya sayi sabon babur, ba a yi mako uku ba inji ya soma hayaƙi yana shan baƙin mai kamar ruwa. Ranar ciniki, in ji shi, benci aka ba shi, aka kawo masa ruwan sanyi. Ranar da muka koma kuwa, sai da muka yi sallama sau uku kafin yaron kanti ya ɗaga kai daga wayarsa.

Dattijo ya ce, "Ɗana, ina Alhaji?"

Yaro ya ce, "Ya yi tafiya. Baba, kaya in sun fita ba su dawowa, yana nan rubuce a rasit."

Dattijon nan bai yi karatun boko ba, ba kuwa wanda ya karanta masa rasit ɗin ranar da aka karɓi kuɗinsa. Sau uku yana zuwa, kullum Alhaji bai dawo ba. Daga ƙarshe wani makaniki na gindin bishiya ya buɗe injin, ya tarar zoben fistin a karye. Dattijo ya biya gyara daga aljihunsa, ga asarar kwana uku a daidai lokacin da ake sharar gona. Ya ce mini kuɗin bai yi masa ciwo ba kamar yadda sa'an jikansa ya dube shi sheƙeƙe.

Ina mafarin wannan hali?

Da fari dai masu saye sun yi yawa. Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi cikin watan Nuwamba 2015, noman shinkafa ya bunƙasa, har aka buɗe babbar masana'antar cashe shinkafa ta WACOT a Argungu a 2017. Kuɗi ya shiga hannun manoma, abin da suka fara nema kuwa shi ne abin hawa. Mai kantin da ya tabbata in wannan ya yi fushi wani zai zo, sai ya ga lallashi ɓata lokaci ne.

Na biyu, kuɗin babur da dala yake tafiya. Su Bajaj da TVS daga Indiya suke, su Haojue da Jincheng daga ƙasar Sin, ko waɗanda ake harhaɗawa a nan gida, kamar na Honda a Ota ta Jihar Ogun, akasarin kayansu daga waje ake kawowa. Kafin watan Yuni 2023 dala ɗaya wajen naira 460 take a farashin gwamnati, cikin 2024 ta haura 1,500. Wanda kayansa ke ƙara kuɗi suna ajiye a kanti, ba ya ɗokin mai saye, balle mai kawo ƙara.

Na uku, babura da yawa cikin kwali suke isowa, yara ne ke ɗaura su a ƙofar kanti. In an yi gaggawa aka bar wani noti bai ɗauru ba, ko aka bar sarƙa da sako-sako, a kan kwalta ba za a gane ba sai an shiga gargada. Sa'an nan mai kanti ya ce ai hawan ƙauye ne ya lalata shi, alhali ya san don hanyar ƙauyen aka saya.

Amma fa gaskiya ɗaya ce. Akwai masu kantin da ke karɓar mutum da fara'a, su duba kayansu in sun sami matsala, kuma kowa ya san su. Mahaya ma suna da nasu laifi. Wani zai labta wa sabon babur buhu uku tun ranar farko, ya ƙi juye baƙin mai, ya bar matatar iska ta toshe da ƙura, in inji ya buga ya ce an cuce shi. Sai dai ko mutum shi ke da laifi, bayani ya kamata a yi masa cikin mutunci.

Abin da doka ta tanada

Mutane da yawa ba su san akwai dokar da ke bayansu ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu sayen kaya ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC. Dokar nan ta ce kayan da aka sayar tilas su zama masu inganci, su yi aikin da aka saye su dominsa. In an sami aibi cikin wata uku, mai saye yana da ikon mayar da su, a gyara, ko a musanya, ko a ba shi kuɗinsa. Rubutun rasit ba ya soke wannan haƙƙi.

Mu kuwa wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Kowane almajirin da ya karanta Risala ya san shari'a ta hana algushi da ɓoye aibi, ta kuma ba mai saye zaɓin mayar da kaya in aibin ya bayyana.

Shawara ga jama'a

Mai saye, kada ka je kanti kai kaɗai. Tafi da makanikin da ka yarda da shi, ya duba ɗauri, ya tayar da inji a gabanka. Ka tabbata an rubuta lambar inji da ta jikin babur a rasit, ka sa a karanta maka shi kafin ka ƙirga kuɗi. Tambayi garanti, wata nawa ne, wa kuma zai yi gyaran. In an yi maka ɗagawa tun kuɗinka na aljihu, juya ka tafi, gama Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu da na manoman shinkafa, ku riƙa tattara ƙarar mutanenku a rubuce kuna kai wa hukuma. Mutum ɗaya ana iya ce masa Alhaji ya yi tafiya, amma da wuya a faɗa wa mutum ɗari haka. Ya kamata kuma shugabannin kasuwa su riƙa zama su raba irin wannan gardama tun ba ta kai kotu ba.

Ku kuma masu kanti, ku ja kunnen yaranku. Mutumin da ya shigo da taɓo a ƙafa, guminsa na wata huɗu ya kawo muku, kuma in ya koma gida garinsu duka za su ji yadda aka karɓe shi. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Allah ya sa mu gyara.